Duron Man Kifi da Na Bar wa Sabi'u

Cikin ranakun aikina a gonar kifin Alhaji Isiyaku da ke Tudun Wada, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da muka tsaya a bakin sito ana rabon mai. Ba a yi faɗa ba a ranar, kuma kifi ko ɗaya bai mutu ba. Amma a nan ne kujerar manaja, wadda na daɗe ina jira, ta fara kuɓuce mini.

Ku da kuka zo daga baya kun tarar da Sabi'u yana manaja, ni kuma ina kula da layin gabas, kuna zaton haka aka faro. Ba haka aka faro ba, shi ya sa nake so ku ji daga bakina.

Ga wanda bai san gonar ba, tarwaɗa muke kiwo a tankunan siminti. Tankunan layi biyu ne, na gabas da na yamma, kowanne da mai kula da shi da ma'aikatansa. Sama da masu kula akwai manaja, sama da manaja sai Alhaji. A shekarar da nake magana, tsohon manajanmu ya riga ya faɗa cewa da zarar an kwashe kifin bazara zai ajiye aiki ya koma ƙauyensu. Ni ke riƙe da gabas, kuma ni na fi kowa daɗewa. Sabi'u, wani matashi daga Tudun Jukun, shi ke riƙe da yamma. Ni na koya masa riƙon raga. Ni na koya masa yadda ake kama tarwaɗa ba tare da ƙayarta ta soki mutum ba. Yaya yake kira na, har yau. Babu wanda ya yi shakkar wanda zai gaji kujerar, ni ma ban yi ba.

Abincin buhu ƙananan kifi kawai muke saya wa. Idan suka tasa, mu ke haɗa musu da kanmu: masara, waken soya, tunkuza da garin kifi, a niƙa, a zuba mai a cuɗa, a bi da shi ta inji ya fito ƙanana-ƙanana, a shanya. Man shi ke riƙe haɗin, shi ke ba kifi ƙarfi. Kowane layi yana karɓar kayansa daga sito ya haɗa nasa.

Muna da wata al'ada da ba wanda ya rubuta ta: duk abin da za a raba, babba ke fara zaɓa. Takalman roba, raga, buhuna, har naman da Alhaji ke aiko mana da Sallah. Shekara da shekaru ni ke fara miƙa hannu, kuma ban taɓa tunanin akwai wani abu a ciki ba sai girmamawa.

Bayan kaka, da aka zuba sababbin kifi, mai kawo mana man gyaɗa da manja ya kawo abin da ba zai wuce layi ɗaya ba. Alhaji ya cike giɓin da wani duro da ya samo wajen abokinsa mai kawo kifin ƙanƙara daga kudu. Man kifin teku ne. Baba Tanko mai sito ya jera durorin biyu a ƙofa, ya kira mu. Da ya buɗe murfin na biyun, ma'aikatan da ke tsaye suka ja da baya. Ƙarni ne irin wanda ke zama a maƙogwaro.

Baba Tanko ya toshe hanci da hularsa ya ce, "Malam Ɗahiru, bismilla. Babba ne gaba."

Na ce, "Baba, wannan ai ba zaɓi ba ne. Duk mai hanci ya riga ya zaɓa." Na ɗora hannu a kan duron man gyaɗa.

Sabi'u ya yi dariya ya ce, "Ba komai, Yaya. Ni da ma hancina ya daɗe da yin ritaya." Ya mirgina duronsa ya tafi.

Har gobe ina cewa zaɓina yana kan hanya. Na san man gyaɗa da manja, na san kifi na cin su yana yin jiki. Man kifi kuwa ban taɓa aiki da shi ba. Mutum mai hankali ba ya gwada abin da bai sani ba a shekarar da ake duban aikinsa.

Watannin da suka biyo baya Sabi'u ya sha wuya. Ƙarnin ya shiga kayansa, ya shiga farcensa, sabulu ya kasa. Aka raɗa masa suna Sabi'u Ƙarni. A masallacin bakin titi, idan ya shiga sahu, sai ka ga na kusa da shi ya tuna bai gama alwala ba. Wani mai keke mai ƙafa uku ya taɓa sauke shi a rabin hanya ya ce fasinjoji na ƙorafi. Kyanwoyin unguwa suka riƙa raka shi gida. Matarsa ta kafa masa doka ya riƙa tuɓe kayan aiki a zaure. Duk muka yi ta dariya, har da ni, har da shi kansa.

Lokaci-lokaci muna ɗebo kifi daga kowane tanki mu ɗora a sikeli don mu ga yadda suke girma. Nawa ba su taɓa zama a baya ba, wani lokacin ma sun ɗan ɗara. Wata safiya Alhaji ya dubi sikelin ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗahiru, ka fara koyon zama wuri ɗaya. Kujera ba ta son mai yawo." Na koma gida na gaya wa maiɗakina.

Sai bazara ta shigo, aka fara kwasa.

A nan sai na yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayani. Tarwaɗa da ranta ake son ta. Babbar mai sayen kifinmu, Hajiya Kulu ta Gyallesu, da ransu take kai su Abuja, a cikin jarkoki da aka yanke bakinsu aka zuba ruwa kaɗan. Kafin kwasa ana hana kifi abinci na yini guda don kada su ɓata ruwan hanya. Da safe a rage ruwan tanki, a ja raga, a ware manya da ƙanana, a auna, a juye a jarka. Kowane mataki cikin waɗannan firgici ne ga kifi. Tarwaɗar da ta firgita tana fizge-fizge, tana yagar 'yan'uwanta da ƙaya, santsin jikinta yana zuba, ruwan ya yi kumfa. Sai ga zafin mota da girgizar hanya. Wasu su mutu, wasu su isa a galabaice, fatarsu ta koɗe. Domin kada awo ya rikice, mun saba zuba kifin gabas a jarkoki masu ruwan ɗorawa, na yamma a shuɗɗa.

Da Hajiya Kulu ta dawo daga tafiyar farko, ba ta ko zauna ba. Tun daga ƙofar gona take magana.

"Alhaji, daga yau na shuɗiyar jarka nake so. Wa ke da su?"

Alhaji ya nuna Sabi'u.

Ta ce, "Kai ne mai warin nan? To, Allah ya ƙara maka wari. Kifinka sun isa suna marina da wutsiya." Sannan ta juyo gare ni. "Malam Ɗahiru, ba raini ba. Kifinka akwai jiki, amma ba zuciya. 'Yan gata ne. Tun kafin Kaduna suka fara neman likita."

Ma'aikata suka fashe da dariya. Na ce mata wataƙila gefen da aka jera nawa ne rana ta fi bugawa. Ta ce za ta sauya musu gefe. Ta sauya. Aka sake tafiya, aka kuma sakewa, labarin bai canja ba.

Ban san ina da ƙyashi ba sai a wannan bazarar. Kuma ba ya zuwa da hayaniya. A ƙananan abubuwa yake zama. Alhaji ya saba idan ya shigo da safe ya fara da layina, sai na lura ƙafarsa ta fara karkata yamma. Na lura da ranar da ya fara cewa "Malam Sabi'u". Na lura da hular da Hajiya Kulu ta kawo masa tsaraba, har launin zarenta ina iya faɗa muku. Sunan Sabi'u Ƙarni ya ɓace, wata magana ta maye gurbinsa: wai yaron yana da hannu. Masu sayen kifi na Kwangila, waɗanda ba sa ma kai kifi ko'ina mai nisa, su ma suka fara tambayar shuɗiyar jarka.

Na sa masa ido. Na duba ko ana ba layinsa ruwan burtsatse fiye da nawa, na tarar daidai ake ba mu. Na duba inuwar mangwaron da ke bayan katanga, na tarar tankunana ta fi rufewa. Na tsaya ina kallon yadda yake jan raga, na ga yadda na koya masa yake ja, har da wata karkatar kafaɗa da ni kaina na san kuskure ce. Wannan ya fi komai ci mini rai. Aikina ne nake gani a hannun wani, kuma a hannunsa ne yake yin albarka.

A gida ma ban san ina yawan ambatonsa ba, sai da maiɗakina ta ajiye kwano wata rana ta ce, "Malam, yau ma da Sabi'u za mu ci tuwon? In ƙara miya ne?"

Daga ƙarshe na tare shi a wurin shanya. Na ce, "Sabi'u, tsakaninka da Allah, me kake ba su?"

Ya buɗe hannu ya ce, "Wallahi, Yaya, abin da ka koya mini. Ni ma abin yana ba ni mamaki. Kai ya kamata in tambaya."

Na dube shi na ga gaskiya yake faɗa. Da ya yi mini ƙarya da na fi samun sauƙi.

Ni na ba Alhaji shawarar a kira Dakta Rabi, likitar dabbobi da ke duba mana kifi idan cuta ta shigo. Dalilina a fili yake: ina so a gano musabbabin abin, domin na tabbata ba hannu ba ne, kuma ina so Alhaji ya ji haka daga bakin da ba nawa ba.

Ta zo da hantsi. Ta auna ruwan layukan biyu, ta ce ba bambanci. Ta tambayi asalin kifin, aka ce ƙyanƙyasa ɗaya ce aka raba. Sai ta ce a kawo mata abincin kowane layi. Ta murza nawa ta sansana. Ta murza na Sabi'u, ba ta ma kai shi hanci ba ta ce, "Wannan fa?" Aka ba ta labarin duro.

Ta sa aka kamo kifi daga gabas da yamma aka zuba a baho biyu, aka juye su daga wannan baho zuwa wancan kamar yadda ake yi ranar kwasa, sannan aka ajiye su a inuwa. Muka tsaya muna kallo. Duka suka yi ta fizge-fizge da farko. Can sai na yamma suka lafa, suka kwanta a gindin baho. Nawa kuwa suka ci gaba da tasowa sama suna haɗiyar iska, suna dukan juna.

Dakta ta ce, "Mai ba ɗaya ba ne, Alhaji. Kowanne da irin kitsen da ke cikinsa, kuma da abin da kifi ya ci yake gina jikinsa, har jininsa da wurin numfashinsa. Idan aka kama kifi, jikinsa na sakin wani sinadari na firgici, kamar yadda gaban mutum ke faɗuwa. Wannan ba aibu ba ne, da shi yake tsere wa haɗari. Matsalar ita ce ya hau ya ƙi sauka. Man gyaɗa da manja suna ba da ƙarfi da jiki, amma akwai wani irin kitse da suke da ƙarancinsa, wanda ya yi yawa a man kifin teku. Shi ake ganin yana taimaka wa kifi ya dawo hayyacinsa da wuri."

Alhaji ya ce, "Ke nan mu koma man kifi gaba ɗaya?"

Ta ce, "A'a. Haɗawa za ku riƙa yi, kowanne da amfaninsa. Kuma man kifi yana saurin lalacewa a zafin nan, idan ya lalace cuta ne. Ban auna jininsu ba, don haka ba zan rantse ba. Amma cikin duk abin da kuka nuna mini, wannan ne kaɗai ya bambanta."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Ga shi an faɗa a gaban kowa: ba hannu ba ne, duro ne.

Bayan la'asar na sami Alhaji a ofis shi kaɗai. Na gaishe shi na zauna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka dai ji bayanin Dakta. Da ni na ɗauki wancan duron, da kifina ake yabo."

Ya ce, "Haka ne. Amma ba ka ɗauka ba."

"Ai ban san abin da ke ciki ba."

"Shi ma bai sani ba." Ya cire tabarau ya ajiye. "Ɗahiru, bari in gaya maka abin da na gani. An bar wa yaron nan abin da kowa ya ƙi. Ya yi watanni ana ja masa baya a sahu. Bai taɓa shigowa ofishin nan ya ce a canja masa ba, kuma bai taɓa rage man a haɗi don ya huta da warin ba. Na tambayi Tanko, daidai awo yake zubawa."

Na ce, "Ni ma da an bar mini, da na jure."

Ya ce, "Na yarda. Amma ba a taɓa bar maka ba. Kullum kai ke fara zaɓa." Ya ɗauki tabarau ya mayar. "Sannan masu saye sunansa suka riƙe yanzu. Ba zan bi su gida-gida ina cewa duro ne ba."

Na tashi na fita. Ba don na gamsu ba, sai don babu kalma ɗaya cikin maganarsa da zan ce ƙarya ce.

Da aka gama kwasa aka tara mu aka sanar cewa Sabi'u ne sabon manaja. Da yammacin ranar Sabi'u ya zo har gida, ya durƙusa a zaure ya ce, "Yaya, wallahi ban nema ba." Na ce, "Na sani. Allah ya taya ka riƙo." Na raka shi bakin titi. Da na dawo na daɗe a zaune. Mutumin da ya yi maka maƙarƙashiya kana da abin da za ka riƙe a kansa. Wanda bai yi maka komai ba, ya kuma zo ya durƙusa, ba ka da inda za ka ajiye abin da ke ranka.

Da aka zuba sababbin kifi, Sabi'u yana manaja amma yana riƙe da yamma kafin a horar da wani. Aka sake jera duro biyu a bakin sito, ɗaya man gyaɗa da manja, ɗaya man kifi. Baba Tanko ya dube ni, ya dubi Sabi'u, ya rasa wanda zai kira. A shekaru ni ne babba, a muƙami shi ne. Ma'aikata duka suna tsaye suna kallo.

Sabi'u ya ja da baya taki ɗaya ya ce, "Baba, me kake jira? Yaya ne gaba."

Na taka na ɗora hannu a kan duron man kifi.

Baba Tanko ya ce, "Ikon Allah. Malam Ɗahiru, ashe naka hancin ma ya yi ritaya."

Aka yi dariya. Na saci kallon fuskar Sabi'u ko zan ga wani abu ya motsa. Babu. Ya mirgina man gyaɗa ya tafi, kamar yadda ya mirgina wancan. Sai da na isa wurin haɗi na tuna Dakta cewa ta yi a haɗa, wato dole in je in nemi rabin nasa. Na juya ke nan na hango shi tafe da jarkoki biyu, ɗaya cike da man gyaɗa, ɗaya babu komai. Ya ajiye ya ce, "Yaya, a sam mana ƙarni." Har wannan ladabin nasa sai da na yi masa ƙyashi.

Abin da na ɗauka game da sana'ar shi ne, aikin mai kiwo ba ya ƙarewa a kan sikeli. Kifin da ya yi nauyi a Tudun Wada ya mutu a hanya, mai saye ba ta san da nauyinsa ba. Abin da kuke zubawa a haɗi yau, a bayan mota zai nuna kansa, ranar da ba kwa nan. Ku riƙa sansana mai kafin ku zuba, ku ajiye shi a inuwa, kada ku rage awo don wari.

Game da mutanen sana'ar kuwa, sun fi son su ce wane yana da hannu da su tambayi abin da ke cikin duro. Kuma idan suna ya kama mutum, bayanin likita ba ya cire shi. Yau kifin gabas da na yamma tare suke isa Abuja da ƙarfinsu, Hajiya Kulu ta sani, amma har yanzu shuɗiyar jarka take fara leƙawa.

Idan ta shigo gona tana ɗaga murya, "Ina Manaja mai hannu?", ina daga bakin tankina nake jin abin ya taso mini a ƙirji. Sai in ci gaba da watsa abinci, ina jira ya sauka. Yanzu yana sauka da wuri fiye da da. Amma bai daina tasowa ba.